Shin da gaske lakar ƙasan kogi tana ba da wutar lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke Tudun Wadar Kaduna. Na ji an ce bakteriyar da ke cikin lakar ƙasan ruwa tana samar da wutar lantarki. Gaskiya ne? In haka ne, zan iya haɗa abin tare da ɗalibaina da lakar Kogin Kaduna, har ya kunna ƙwai ko ya yi cajin waya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma za ku iya haɗa shi da kayan da ba za su gagari makaranta ba. Sai dai tun yanzu a ajiye maganar cajin waya a gefe. Wutar da laka ke bayarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, amma ba ta yankewa dare da rana, kuma a nan amfaninta yake. Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa daga masu gwada wannan aiki suna ganin mita, wato na'urar awon lantarki, ta nuna lamba su yi murna, alhali ba bakteriya ce ta ba da wutar ba, ƙarfen da suka tura cikin lakar ne ke narkewa. Shi ya sa zan daɗe a kan zaɓen kaya da yadda ake tantance wutar gaskiya.

Duk mai rai idan ya ci abinci, jikinsa yana warware abincin ya zare elektron daga ciki, wato ƙananan ƙwayoyin da gudunsu shi ne wutar lantarki, kuma dole ya sami inda zai sauke su. Mu iskar oksijin ce ke karɓa mana, dalilin numfashinmu ke nan. A cikin laka kuwa, oksijin ba ya wuce 'yan milimitoci daga sama ya ƙare. Bakteriyar da ke ƙasa da nan sai ta nemi wani mai karɓa. Wasu suna sauke nasu a kan sinadarin salfet, su ne ke kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji idan an tono baƙar laka. Wasu kuma a kan tsatsar ƙarfe da ke gauraye da ƙasa. To ita tsatsa daskararriya ce, ba ta shiga cikin ƙwayar bakteriya, don haka waɗannan suna da wasu furotin a fatarsu da wasu zaruruwa sirara da suke miƙa elektron zuwa waje da su. Idan aka binne musu girafait, wato baƙin kabon irin na cikin fensir, sai su ɗauke shi tamkar tsatsar da ba ta ƙarewa, su manne masa su yi shimfiɗa a kai. Wannan da aka binne shi ne anod. Sai a ɗaura masa waya zuwa wani kabon ɗin da ke saman ruwa inda iska take, shi ne katod. Elektron su bi waya su hau, su haɗu da oksijin da haidirojin su zama ruwa. Wucewarsu ta cikin wayar ita ce wutar.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1911 wani masanin tsirrai a Durham ta Ingila, M. C. Potter, ya nuna ana samun lantarki daga yis da bakteriya. A 1987 Derek Lovley ya ware bakteriyar Geobacter daga lakar Kogin Potomac a Amurka, a 1988 kuma aka bayyana wata bakteriyar mai suna Shewanella da aka samo daga Tafkin Oneida, shi ma a Amurka. A 2001 Clare Reimers da Leonard Tender da abokan aikinsu suka nuna cewa binne girafait a lakar teku kawai ya isa a ci gaba da samun wuta. A 2008 aka ba da rahoton wata na'urar auna yanayi mai shawagi a kan Potomac da ke aiki da irin wannan batir. Ku lura da adadin: na farkon da suka haɗa nauyinsa kilo 230 ne, abin da yake bayarwa kuma miliwat 24 (miliwat kashi ɗaya ne cikin dubu na wat). Masana ke nan masu kayan aiki na gaske.

A lissafi, iyakar abin da tazarar da ke tsakanin abincin bakteriya da oksijin za ta bayar ya kai kusan bolt 1.1. A aikace, bokiti mai lafiya yana nuna bolt 0.6 zuwa 0.8 idan ba a ɗora masa komai ba, da an ɗora kaya sai ya sauko zuwa 0.3 ko 0.4. Mu ce kun sami bolt 0.35 a kan resista, wato ɗan abin da ke turje wa gudun wuta, mai om 1,000 (om ma'aunin turjiya ne). Ƙarfin gudun wutar miliamfa 0.35 ke nan, wato kimanin miliwat 0.12. Batirin waya mai 5,000 mAh yana ɗaukar abin da ya kai wat 19 na tsawon awa guda. Ku raba, za ku ga bokiti ɗaya zai shekara kusan 18 kafin ya cika shi, ko da ba a yi asarar komai a hanya ba. Ƙaramin faifan sola mai wat 10 ya ninka wannan bokiti sau dubu tamanin. Ku sa ɗalibai su yi wannan lissafin da hannunsu, darasi ne mai kyau.

Yanzu batun laka. Jar ƙasa da yashi ba za su yi ba, babu abinci a cikinsu. Abin nema shi ne baƙar laka mai santsi, mai ɗan wari, wadda ta daɗe a ƙarƙashin ruwa tana tara ruɓaɓɓen ganye: gefen kogi inda ruwa ke kwanciya, fadamar shinkafa, kududdufi, ko ƙasan tafkin tarwada lokacin da ake kwashe shi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da kogi ya janye, shi ne lokacin ɗiba. A Agusta da Satumba kada a kai yara bakin Kogin Kaduna don wannan aiki, ruwan yana da ƙarfi kuma gaɓarsa na zaftarewa. A kawar da santimita biyar na sama, a ɗebo ta ƙasa, a cika roba a rufe don kada iska ta shige ta, a kuma ɗebo ruwan wurin a jarka. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda aikinsa ke nan kashe bakteriya. A guji magudanar da ke ɗauke da ruwan masana'antu, da inda bakanikai ke zubar da baƙin mai. A sa takalmin roba da safar hannu, saboda tsargiya a irin wannan ruwan ake kamuwa da ita.

Kayan anod da katod su ne wurin da aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Mafi kyau shi ne ƙyallen kabon ko allon girafait, amma samunsu sai an yi odar su. Abin da ke kusa da hannu shi ne baƙar sandar da ke tsakiyar babban batirin tocila irin su Tiger Head, wato batirin zinki da kabon, ba alkalin ba, kuma ba na litiyom ba, waɗannan biyun kada a fasa su sam. Malam, ku da kanku za ku fasa, da safar hannu. A cire hular ƙarfen da ke kan sandar, a goge baƙin garin da ke jikinta da samfefa, a tafasa ta minti goma sha biyar don kakin da ke cikinta ya fita, a ɗauraye. Sanda ɗaya ta yi kaɗan, a tara goma zuwa goma sha biyu don anod. Don ƙara faɗin wurin da bakteriya za ta zauna, a samo tsakuwar kabon irin wadda masu ruwan leda ke tace ruwa da ita, a cusa ta tare da sandunan cikin jakar gidan sauro a ɗaure tam, yadda kowace ƙwaya ke taɓa 'yar'uwarta. Gawayin girki yawanci ba ya wuce da wuta, domin ba a ƙona shi da zafin da ya kai ba. A gwada da mita: in aka ɗora bakin wayoyinta biyu a kan gawayin da tazarar santimita ɗaya ta nuna dubban om, a bar shi. Wanda ya nuna 'yan gomomi shi ne abin so.

Ga babban tarkon. Idan aka tura wayar jan ƙarfe tsirara, ko ƙusa, ko kwanon rufi, ko guntun alminiyom cikin laka, nan take mita za ta nuna rabin bolt ko fiye. Wannan ba aikin bakteriya ba ne. Ƙarfen ne ke narkewa, irin abin da ke faruwa a batirin lemon tsami, kuma ranar da ya cinye wutar ta tsaya. Jan ƙarfe ma guba ne ga bakteriyar da ake son rainon. Don haka duk inda waya ta haɗu da kabon, a naɗe ta sosai, a gwada da mita a tabbatar tsakanin ƙarshen wayar da jikin kabon bai wuce om 5 zuwa 10 ba, sannan a lulluɓe mahaɗar da gam ɗin Araldite har ba a ganin ko ƙwayar jan ƙarfe, a bar shi ya kwana ya bushe. Wayar ta kasance mai rigar roba marar tsaga. Wayar taitaniyom ita ce ba ta da wannan matsalar, sai siririyar wayar ƙarfe marar tsatsa idan an samu mai kyau. A kasuwar Panteka za a iya dacewa da ragar ƙarfe marar tsatsa, amma a kula kada a ba ku ragar da aka shafa wa zinki, kamanninsu ɗaya a ido.

Haɗawar ba ta da wuya. A sami bokitin fenti mai lita 20 a wanke. A tsince duwatsu da itatuwa da tana daga lakar. A zuba laka kamar santimita 3 a ƙasa, a kwantar da anod, a danna shi don kada iska ta maƙale a ƙarƙashinsa, a rufe da laka santimita 8 zuwa 10. A bubbuga bokitin a ƙasa kumfa ta fito. Sai a zuba ruwan kogin a hankali, a kan faranti ko tafin hannu don kada ya tono lakar, ya hau santimita 5 zuwa 8. Katod ya zauna a saman ruwa, rabinsa a jiƙe rabinsa a iska, a ɗaure shi da murafen gora ko guntun soso mai shawagi. Kada ya taɓa lakar, kada kuma wayarsa ta taɓa ta anod. A yi shi ya fi anod faɗi, ninki ɗaya da rabi ko biyu, domin a mafi yawan lokuta katod ne ke jan aikin baya: oksijin da ke narkewa a ruwa bai wuce miligiram 8 a lita ba a zafin digiri 25, kuma kabon tsurarsa yana da nawa wajen haɗa shi da elektron. A rufe bakin bokitin da gidan sauro, ba da murfi ba, iska ta shiga sauro bai shiga ba.

Daga ranar farko a haɗa wayoyin biyu da resista mai om 1,000 a bar ta a wurin. Mutane da yawa suna barin wayoyin a sake suna jiran wuta ta taru. Hakan kuskure ne, domin in babu hanyar da elektron za su bi, bakteriyar ba ta da dalilin zama a kan anod. Jar wayar mita a katod, baƙar a anod, a auna a ƙafafun resistar kullum a lokaci ɗaya a rubuta. Kwana biyu ko uku na farko lambar za ta yi ƙasa ko ta yi ta yawo. Daga nan sai ta fara hawa, cikin mako ɗaya zuwa uku ta daidaita. Wannan hawan a hankali shi ne shaidar cewa rai ne ke aiki, yana hayayyafa a kan kabon. Wutar da ta zo da ƙarfi a minti na farko ta riƙa sauka, ta ƙarfe ce.

Ina ba da shawara sosai a haɗa bokiti na biyu don gwaji, komai iri ɗaya, sai dai a dafa lakarsa da ruwansa awa guda a tukunya a bar su su huce kafin a zuba. A makonnin farko za a ga wannan ya kwanta yayin da ɗayan ke hawa. Daga baya shi ma zai iya farfaɗowa, don dafuwa ba ta kashe komai da komai, amma bambancin farkon ya isa hujja. Aikin ɗalibi da ba shi da wannan bokiti na biyu bai tabbatar da komai ba tukuna.

Bayan ya daidaita, a nemo ainihin ƙarfinsa. A cire resistar awa ɗaya a auna, sannan a riƙa sa resistoci ɗaya bayan ɗaya daga babba zuwa ƙarama: 10,000, 4,700, 2,200, 1,000, 470, 220, 100. Kowace a ba ta minti 20 zuwa 30 kafin a rubuta, saboda kabon yana riƙe caji kamar kafasita, karatun gaggawa yana nuna fiye da gaskiya. A ninka bolt da kansa a raba da om, shi ne wat. Za a ga ƙarfin ya hau ya kai ƙololuwa ya sauko. Resistar da ta ba da ƙololuwar daidai take da turjiyar cikin bokitin kansa, kuma ita ce lambar da duk gyaran da za ku yi yake ƙoƙarin ragewa.

A nan ne ruwanmu ya bambanta da na teku. Gishirin teku yana sa ruwansa wuce da wuta fiye da ruwan kogi sau ɗari ko ma fiye, shi ya sa sakamakon da ake samu a teku ba ya maimaituwa a Kaduna. A bokiti ana rage matsalar ta hanyar kusanto da katod, da kuma zuba gishiri kaɗan, ƙaramin cokali ɗaya a lita biyar na ruwa. Kada a zarce, bakteriyar ruwan daɗi ba ta jure gishiri mai yawa.

Batun abinci kuma akwai abin mamaki. Giram ɗaya na asitet, wato abin da ke cikin binega, yana ɗauke da cajin da zai riƙe miliamfa 0.35 fiye da shekara guda in duka ya tafi ga anod. Ashe ba yawan abinci ne matsala ba, isowarsa ne. Bakteriya tana cinye na kusa da ita, sabo kuma yana tsiyayowa ta cikin laka a hankali ƙwarai. Shi ya sa bayan wata biyu ko uku wutar ke raguwa. Maganinsa tun wajen haɗawa ne: a cakuɗa lakar da za ta kewaye anod da yagaggiyar takarda ko niƙaƙƙen ƙaiƙayin shinkafa, cikin hannu ɗaya ya isa, su riƙa ruɓewa sannu a hankali. Kada a zuba sukari ko ragowar tuwo. Suna saurin tsami, tsamin ya kassara bakteriyar anod, masu yin iskar gas su mamaye wurin, bokiti ya yi ta kumfa wuta kuwa ta faɗi.

Sauran abubuwan da ke kawo cikas yawancinsu na iska ne da yanayi. Tsaga a laka, ko ramin tana, ko jijjiga bokiti, duk suna kai oksijin wurin anod, bakteriya ta miƙa masa elektron kai tsaye ta bar waya. Katod idan ya nutse ko ya yi yauƙi da farin ɓawo, a ciro shi a ɗauraye da ruwan kogin, ba da sabulu ba. Da hunturu ruwa yana saurin ƙafewa, a riƙa ƙarawa, kuma sanyin dare yana rage kuzarin Geobacter, wadda ta fi son digiri 30 zuwa 35, don haka karatun safiya zai yi ƙasa da na la'asar. A zafin Maris da Afrilu kuma bakteriya na jin daɗi amma oksijin na raguwa a ruwa, a ajiye bokitin a inuwa mai iska. In gansakuka ta fito, za ku ga wuta na ƙaruwa da rana tana raguwa da dare, saboda oksijin da take fitarwa a hasken rana. Wannan ba lalacewa ba ce.

To yaya za a kunna wani abu? Ƙaramin jan ƙwan LED yana son kusan bolt 1.8, fari kuma kusan 3. Sai an jera bokitai, katod na wannan zuwa anod na wancan, kuma dole kowane ya kasance da lakarsa da ruwansa daban. In aka binne anod biyar a tafki ɗaya aka jera su, bolt ba zai taru ba, domin ruwan ya riga ya haɗe su. Bokiti uku ko huɗu suna iya tafiyar da ƙaramin agogo mai lambobi ko kalkuleta, waɗanda ke cin wuta kaɗan ƙwarai. Biyar ko shida za su ba jan ƙwai ɗan haske. A riƙa auna kowane bokiti shi kaɗai, domin idan ɗaya ya yi rauni sauran suna juya masa wuta, mita ta nuna shi da alamar ragi, kuma hakan yana lalata shimfiɗar bakteriyarsa. Irin wannan a cire shi daga layi a mayar masa da resistarsa har ya murmure. Hanyar da masana ke bi ita ce tara wutar a babbar kafasita ta hanyar ƙaramar da'ira mai ɗaga bolt, irin LTC3108 da ke iya tashi daga milibolt 20. Kafasita mai farad 1 a bolt 3.3 tana riƙe makamashi jul 5.4, bokitinmu zai cika ta cikin kimanin awa 12 da rabi in babu asara, a aikace ya fi haka. Wannan ya isa na'ura ta farka, ta auna zafin ruwa ko tsayinsa, ta aika saƙo ta rediyo, ta koma barci.

Irin aikin da wannan fasaha ta dace da shi ke nan: na'urorin awo a wuraren da zuwa canza batir ke da wuya, ko ƙarƙashin ruwa inda rana ba ta kaiwa. Ana kuma amfani da ita a matsayin ma'aunin ƙazantar ruwa, tunda wutar tana ƙaruwa idan ruɓaɓɓen abu ya ƙaru, tana faɗuwa idan guba ta shigo. An gwada ta wajen hanzarta cinye man fetur da ya gurɓata laka, kuma a Japan an binne anod a gonar shinkafa, inda saiwar shinkafar ke ciyar da bakteriyar da abin da take fitarwa. Wannan na ƙarshen ya dace da fadamunmu, kuma ɗalibai za su iya kwaikwayonsa ta hanyar dasa shinkafa biyu ko uku a cikin bokiti su kwatanta da wanda ba a dasa ba.

In kuna son fita daga aji zuwa fili, kada ku fara da kogin kansa. Ambaliyar damina za ta binne katod da yashi ko ta tafi da shi, ga tarun masunta. Tafkin kifi na ƙasa ko gefen fadama mai shinge ya fi. A binne anod santimita 10 zuwa 15, a ɗaure katod a jikin gora mai shawagi da igiya mai sauran tsawo don hawa da saukar ruwa, a sa mahaɗar wayoyi da resista cikin roba mai murfi a kan turke. Kuma maimakon anod ɗaya babba, a binne ƙanana da yawa da tazarar rabin mita a haɗa wayoyinsu wuri ɗaya, domin ninka faɗin anod sau goma ba ya ninka wuta sau goma: babban anod yana cinye abincin da ke kewaye da shi da sauri, kuma wutar na ɓacewa a doguwar hanyar da take bi kafin ta kai waya.